Kwamfutar Baba a Shekarar Fari

Damina ta ƙi, rani bai yi nisa ba kuma sojoji suka karɓi mulki. A wannan shekarar ina aiki a wani ƙaramin ofishin agaji a unguwar Gaweye cikin Yamai, ba nisa da bakin gada. Ni ce mai kula da kwamfutocin wurin. Shekarata biyu ke nan da gama makaranta, kuma cikin 'yan ajinmu ni kaɗai ce macen da ta samu irin wannan aiki, shi ya sa ba na son kowa ya gan ni ina kame-kame a gaban na'ura.

Aikin ofishin ba shi da wuyar faɗi. Hatsi yana cikin magaza, wato babban ɗakin ajiya, a bayan gari, ƙauyuka suna jiransa, kamiyo kuwa, wato babbar motar kaya, ba ya fita sai da takardar izini mai ɗauke da sunan ƙauyen da zai je. Sunayen suna ajiye cikin babbar kwamfutar da ke ɗakin shugabarmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. Amma daga kwamfutar magatakardanmu ake shigar da su, su bi waya su isa babbar, sannan takarda ta fito. Waɗanda suka saka mana wannan tsari sun koma ƙasarsu ba su bar mana faifansa ba, don haka a kan wannan kwamfuta ɗaya tilo aikin yake tafiya.

Magatakardan tsoho ne, Bazabarme ɗan Harobanda, muna kiransa Baba. Kullum a kan keke yake ƙetaro gada. Tun zamanin keken rubutu yake aikin gwamnati, har a lokacin ma dukan maɓallan kwamfuta yake yi da ƙarfi kamar yana kan tsohon kekensa. A kasuwa ya koyi Hausa, in ya yi sauri sai ya ce mini "kai", sannan ya yi dariya ya gyara. Ya san ƙauyukan da ka. In suna ɗaya ya faɗo a kan gari biyu, shi ne zai ce wannan na bakin dutse ne, wancan kuma na bayan rijiya. "Ɗiyata" yake kirana.

Kafin juyin mulki ba a furta kalmar yunwa a ofishinmu, sai dai a rubuta ƙarancin cimaka. Da sojoji suka hau, suka faɗe ta da bakinsu a rediyo, aiki ya ninka mana. Mata daga ƙauyuka suka cika gari da ƙorai a ka, suna bin gidaje suna tambayar ko akwai wanki ko daka. Kogi ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa. A bakin gada kuma motar soja tana tsaye da bindiga a samanta, kowa ya iso wurin sai ya rage murya ko da ba a ce masa komai ba.

Farkon watan zafi aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, ta ƙone ramin da wayar rezo, mai haɗa kwamfutocin ofis, ke shiga a bayan kwamfutar Baba. A makon ne kuma Hajiya ta ce mini sabuwar gwamnati za ta turo hafsan soja ya riƙa sa ido a kan fitar hatsi, in shirya masa kwamfuta a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Na ciro wata tsohuwa daga ɗakin ajiya, na tarar ita ma ba ta da katin rezo, wato ɗan allon nan da ake sokawa cikin kwamfuta don ta iya magana da 'yan'uwanta ta waya. Na shiga Babbar Kasuwa wajen wani Alhaji mai sayar da kayan na'ura, na sayo kati biyu sababbi fil a kwalinsu. Ɗaya na saka wa Baba, ɗaya na saka a ɗakin baƙo. Duka suka yi aiki, na koma gida ina jin daɗin kaina.

Hafsan ya zo ran Litinin. Mai muƙamin Liyetna ne, bai girme ni da yawa ba, siriri, ba ya ɗaga murya. In ya shigo ɗaki sai ya cire hularsa ya ninke ta ya ajiye a kan tebur, ya daɗe yana kallon mutum kafin ya yi magana.

A makon ne kwamfutar Baba ta fara abin da ya hana ni sukuni. Zai buga sunan ƙauye ya tura, sai ta tsaya tana tunani, can ta ce ba ta samu babbar kwamfuta ba. Minti ɗaya, wani lokacin minti goma, sai ta dawo kamar ba ita ba. Fitilar katin kore ce shar, alamar da ke kusurwar allo ma tana nuna komai lafiya. Sau da yawa kafin in taso daga kujerata in iso bayansa, ta warke.

"Tsoronki take ji, ɗiyata," in ji Baba. "Ki kawo kujera ki zauna nan."

Na sake waya. Na cire ta daga ramin da take a akwatin da duk wayoyin ofis ke haɗuwa, wanda ke maƙale a bangon baranda, na mayar da ita wani rami. Na buɗe kwamfutar na cire katin na goge na sake zaunar da shi. Ba abin da ya sauya. Daga nan zuciyata ta tsaya a kan pilot, wato ɗan shirin da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da kati. Wanda ya zo a faifan cikin kwalin tsoho ne, rubutun jikinsa ma duk kurakurai. Da Hajiya ta kira ni ta tambaya, ban ce ina zato ba.

"Pilot ne, Hajiya," na ce. "Na tabbata. In na samo sabo, shi ke nan."

Ran Asabar na je siber, wato shagon intanet, na sauko da sabon pilot, na wuce ofis na saka shi. Baba ya ƙetaro gada musamman don mu gwada. Tun hantsi har azahar yana buga sunaye, ko sau ɗaya ba ta katse ba. Na kira Hajiya a waya na ce mata an gama.

Ran Litinin da ƙarfe tara da 'yan mintuna na ji muryarsa daga ɗakinsa.

"Ɗiyata, ya tsaya."

Da a ce tsayawa kawai take yi, da da sauƙi. Ashe wani lokacin takan nuna kamar saƙo ya tafi alhali bai isa ba. Ba mu san haka ba sai da wani mai gari daga arewa ya aiko ɗan'uwansa har Yamai. Mutumin ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar Hajiya, ya ƙi hawa benci, ya ce kamiyo ya je garin da ke gabansu da na bayansu, su kuwa yau kwana huɗu suna kallon hanya. Aka duba babbar kwamfuta, babu sunan garinsu. Aka duba takardar da Baba ke aiki da ita, ga sunan nan, har da alamar jan alƙalamin da yake yi wa duk wanda ya gama shigarwa.

Da yamma Liyetna ya tara mu uku a ɗakin Hajiya. Ya ninke hularsa ya ajiye.

"Makon jiya na raka kamiyo zuwa wannan yankin," ya ce. "Na ga shanu a kwance bakin hanya, na ga abin da mata ke dafawa. Na san abin da kwana huɗu ke nufi a can." Ya juya ga Baba. "An ce mini ka daɗe kana aiki da waɗanda aka sauke."

"Da kowa na yi aiki, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Duk wanda ya hau, takarda yake so, ni kuma takarda nake bugawa."

"Abin da na lura da shi," in ji Liyetna, "duk lokacin da na leƙo ɗakinka in ga yadda aiki ke tafiya, sai in tarar na'ura ta tsaya. Na tambaya, an ce ran Asabar da ba na nan lafiya lau ta yi aiki." Sai ya dube ni. "Malama, abu nawa ne zai iya jawo wannan?"

Na lissafa masa: waya, akwatin bango, pilot, kati.

"Wanne kika tabbatar ba shi ba ne?"

"Waya da akwati da pilot."

"Saura kati ke nan. Ki sake shi. Ran Alhamis da azahar zan kai rahoto sama. In na'ura ce, zan rubuta na'ura. In ba ita ba ce, zan rubuta abin da ya rage."

Ba wanda ya tambaye shi mene ne abin da ya rage. A waɗannan kwanakin duk gari ya san an kama wasu ma'aikata a wasu wuraren a kan maganar hatsi, ba a kuma san ranar da za su fito ba.

Washegari da sassafe na koma wajen Alhajin kasuwa, ya miƙo mini wani katin daga kwalin da ya ciro na farko. Na saka shi, na sake saka pilot, na zauna a bayan Baba da littafi a cinyata. Wani malaminmu ya taɓa ce mana matsalar da ke zuwa tana tafiya ba a kama ta da wayo, sai da agogo da alƙalami. Na shiga rubuta lokacin da ta katse da lokacin da ta dawo, da ko akwai wuta ko gurup, wato janareta, ke aiki, da ko ɗakin ya yi zafi. Kafin azahar ta katse sau bakwai.

Liyetna ya same ni a baranda.

"Kin sake katin?"

"Na sake."

"To?"

"Tana nan yadda take."

Ya gyaɗa kai, ya wuce. Ina tsaye a wurin na gane abin da na yi. Da bakina na wanke waya, na wanke akwati, na wanke pilot, yanzu kuma na wanke kati. Ban bar kowa a ɗakin ba sai Baba.

Ran Laraba abin ya fi muni, domin littafina ma ya fara ba da shaida a kansa. Daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa tara, kafin Liyetna ya iso, babu katsewa ko ɗaya. Da ya fita wajen la'asar, ta tafi sumul har aka tashi. Ɗauke wuta bai shafe ta ba, zafi ma haka. Na yi tunanin ko kilim ɗin da ke sanyaya ɗakinsa ne ke jan wuta, na je na kashe shi daga waje a ɓoye na minti goma, ta ci gaba da katsewa. Na rufe littafin na tura shi ƙasan jakata, don na san in Liyetna ya gan shi ba ya buƙatar wata hujja. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ɗan lokacin da ni kaina na zauna ina kallon ƙafafun Baba a ƙarƙashin tebur, ko yana taɓa wani abu. A nan ne na ga wata 'yar jaka ta leda a jingine da bango, wadda ba ya zuwa da ita.

Da aka fita cin abinci na tambaye shi.

"Riga ce da wando," ya ce, "da maganin hawan jini. In sun ce mu je, ba zan ce su jira in ƙetara gada ba."

"Baba, ba za a kai ga haka ba."

"Kin gano ne?"

Na girgiza kai.

"To bar ni da jakata," ya ce. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Ban gaya wa mutanen gida ba. Na ce musu wanki zan kai."

Ran Alhamis na riga mai gadi buɗe ƙofa. Na sake bin wayar Baba da hannu tun daga bayan kwamfuta har akwati, ko ɓera ya taɓa ta. Na buɗe saitin pilot ina kashe abu ɗaya-ɗaya, har da wanda ke sa kati barci don tattalin wuta. Baba ya iso ya jingine kekensa, ya gaishe ni, ya ajiye jakarsa a inda ya ajiye ta jiya, ya fara aiki.

Ƙarfe tara motar Liyetna ta shigo. Amma ranar bai wuce ɗakinsa ba, don direbobin kamiyo sun tare shi a tsakar gida da ƙorafin mai. Daga nan ya leƙo ɗakin Baba ya tsaya a kansa kusan minti biyar. Sunaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, takardu suna fita a ɗakin Hajiya. Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya koma wajen direbobi. Na duba agogo. Tara da rabi, goma saura kwata, goma. Yana cikin gidan, yana ganinmu ta taga, amma ba ta katse ba.

Na ɗauki kujera na fita baranda na hau, na zuba wa akwatin bango ido, ba don ina da wata dabara ba, sai don na rasa inda zan duba. Kowane rami yana da fitilarsa. Sauran duk suna ƙyaftawa, ta bakwai a mace. Na ji takun takalminsa ya wuce ta bayana, na ji ya buɗe ɗakinsa, na ji ƙarar kujera. Jim kaɗan fitila ta bakwai ta kama.

Ban gama sauke numfashi ba na ji Baba.

"Ɗiyata."

Na sauko daga kujerar. Ashe ba zuwansa ke katse ta ba, kunna kwamfutarsa ne. Kowane katin rezo yana fitowa daga masana'anta da lambarsa, harufa da alƙaluma goma sha biyu, kuma a makaranta an koya mana cewa babu kati biyu a duniya masu lamba ɗaya. Da wannan lambar akwatin bango ke gane wa zai miƙa wa saƙo. Ban taɓa tunanin in duba ta ba. Na zauna a kwamfutar Baba na fito da lambar katinsa, na rubuta ta a tafin hannuna. Na ɗauko katin da na cire masa ran Talata, na karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Lamba ɗaya ce.

Saura in ga na ɗakin ƙarshen baranda. Tun da ya zo ban sake shiga ɗakin ba, ba kuma wanda ke shiga sai ya kira shi. Na ƙwanƙwasa.

"Ranka ya daɗe, ina so in duba kwamfutarka."

Ya ɗago kai daga takardar da yake rubutu. Na hango sunan ofishinmu a samanta.

"Tawa lafiyarta ƙalau. Ta tsoho aka ce ki gyara."

"Don tasa nake so in duba taka."

Ya daɗe yana kallona. Bindigarsa ƙarama tana kan tebur kusa da hula. Can ya ja kujerarsa baya kaɗan, bai tashi ba, dole na sunkuya ta gefensa na buga abin da zan buga. Sau biyu ina kuskure saboda gumin yatsuna. Da lambar ta fito na buɗe tafin hannuna kusa da allo. Tawadar ta fara narkewa, amma ana iya karantawa.

"Mene ne wannan?" ya ce.

"In ka yarda ka taso, zan nuna maka. Da hannunka za ka yi, ba ni ba, ba Baba ba."

Na roƙi Baba ya fita ya tsaya a tsakar gida inda kowa ke ganinsa. Na kira Hajiya ta zauna a kujerarsa. Na sa kwamfutar ta riƙa aika wa babbar ɗan gajeren saƙo ba tsayawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, duk amsar da ta dawo ta fito layi guda a allo. Layukan suna zuwa suna yankewa. Na kai Liyetna gaban akwatin bango na nuna masa waya ta bakwai.

"Wannan taka ce. Ka cire ta."

Ya cire. Hajiya ta ce daga ciki, "Suna tafiya. Ba yankewa."

Muka jira minti biyu cur, yana kallon agogonsa.

"Ka mayar."

Ya mayar. Ba a daɗe ba Hajiya ta ce, "Sun tsaya."

Sau uku ya yi haka, na ukun ma ban ce ya yi ba. Sannan ya juyo.

"Ki yi mini bayani da Hausa."

"Kamar kamiyo biyu ne masu lamba ɗaya, ranka ya daɗe. Mai gadin magaza ya san lamba, bai san fuska ba. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi yake miƙa wa takarda. In ka kunna kwamfutarka, amsar da aka aiko wa Baba sai a kawo maka. Taka ba ta san me za ta yi da ita ba, sai ta yar."

"Kin ce kin sake masa kati."

"Na sake. Daga kwali ɗaya suka fito, duka ukun lambarsu ɗaya. Jabu ne."

"Wa ya sayo su?"

"Ni."

"Wa ya saka su?"

"Ni."

Direbobi sun yi cirko-cirko a tsakar gida suna kallonmu. Baba yana tsaye cikin rana hannuwansa a baya, ko inuwa bai nema ba. Liyetna ya tambayi sunan mai shagon. Na ce masa dattijo ne da ke sayar da abin da aka kawo masa a kwali, bai san kati yana da lamba ba, ni da aka koya wa ce ya kamata in duba. Ya ce in kawo masa katin da na cire. Na kawo, ya juya shi gaba da baya, ya saka a aljihun rigarsa.

"Minti nawa gyaran zai ɗauka?"

Abin kunyar shi ne bai kai minti biyar ba. A cikin saitin pilot ɗin nan da na yi kwanaki ina zargi akwai gurbin da ake rubuta wa kati wata lamba da hannu. Na sauya harafi biyu a na ɗakin Liyetna, na kashe na kunna. Layukan suka ci gaba da sauka ba yankewa, wayarsa tana ciki.

Ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Da azahar ya fito da ambulan a hannu ya shiga mota. Ba mu taɓa ganin abin da ya rubuta ba, ba kuma wanda ya zo neman kowa, har Alhajin kasuwa. Liyetna bai ba Baba haƙuri ba. Washegari dai da zai wuce ya tsaya a ƙofarsa ya gaishe shi da Zabarmanci, ya tambayi mutanen gida, Baba ya amsa yana miƙe tsaye.

Ni kuwa Hajiya ta kira ni ta ce in rufe ƙofa.

"Maganar kati ba ta dame ni ba," ta ce. "Kowa ana sayar masa da jabu. Abin da ya dame ni, kin ce mini kin tabbata, ni kuma na ɗauki maganarki na kai gaba. Da kin ce kina zato, da tun ranar na sa a riƙa gwada kowace takarda da ta Baba kafin kamiyo ya tashi, da garin nan bai faɗi ba."

Ta miƙo mini takardun mako biyu, ta ce ni da Baba mu bi su suna bayan suna. Muka yi kwana biyu a kai. Muka samu ƙarin gari biyu da suka ɓace a hanya, Allah ya sa ranar tafiyarsu ba ta riga ta zo ba. Kamiyon garin farko kuwa ya tashi kwana shida bayan lokacinsa. Da direban ya dawo na tambaye shi yadda ya same su. Ya ce ya sauke kaya, an yi godiya, amma gidaje da dama a rufe suke, masu su sun yi kudu.

Baba ya ci gaba da aiki har ruwan farko ya sauka, sannan ya ce idonsa ya gaji, ya nemi a sallame shi. Hajiya ta roƙe shi, ya ƙi. Aka kawo wata budurwa mai saurin hannu, ya zauna da ita mako guda yana koya mata garuruwan da sunansu ya zo ɗaya.

Daminar ta zo da ƙarfin da ba a zata ba. Kogi ya cika ya tumbatsa ya shiga Harobanda, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Da na ji unguwar su Baba na ciki, na ɗauki taksi ran Asabar na ƙetara. Na same su a wata makarantar firamare da aka tara mutane, an ture bencuna gefe, kowane iyali ya kewaye kusurwarsa da zane. Matarsa tana hura wuta a bakin aji. Shi kuma yana zaune a tabarma yana shanya takardunsa da suka jiƙe, ya danne kowace da dutse.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje. Sai na faɗi abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka abin da ya faru. Har ƙafafunka na riƙa kallo a ƙarƙashin tebur."

"Na gan ki," ya ce. "Ni ma da ni ne, da na duba." Ya gyara zaman wata takarda. "Ba ɗaurin ne ya tsorata ni ba, ɗiyata. Na tsufa, ko ina aka ajiye ni zan zauna. Abin da na yi ta tunani, 'ya'yana za su shiga kasuwa a nuna su a ce ubansu ne ya hana masu yunwa hatsi. Wannan ne ya hana ni cin abinci. Na yafe. Kada ki sake tayar da maganar, uwargida ba ta sani ba har yau."

Matar ta kawo mini shinkafa da wake a murfin tukunya, ta ce in yi haƙuri kwanukan ruwa ya tafi da su. Na ci. Da zan tafi Baba ya jawo wata 'yar rediyo daga ƙarƙashin tabarma, duk laka, ya ce tunda aikina ne in duba masa ko za ta tashi. Na kai ta gida na warware ta, na wanke da burushin haƙori, na shanya ta kwana uku a kan katanga. Ta tashi, sai dai tasha ɗaya kawai take kamawa, ita ma sai an riƙe eriyar da hannu. Ran Lahadi na ƙetara na kai masa.